Kunyar Ɗan Fari a Bakin Tafki

Akwai wata mata da ke ratsa unguwarmu nan Maraɗi da tire a ka, tana sayar da kifin banda. Ba ta cika ɗaga murya ba, ƙamshin kayanta ke yi mata talla. Duk ranar da ta wuce ƙofar gidana, ko ina tsakiyar duba aikin ƴan lakwal ne, wato ɗalibaina na makaranta, sai in ajiye alƙalami, don hayaƙin nan da ya kama jikin tarwaɗa ba ya barina a inda nake. Kafin in ankara ya mai da ni Madarumfa, ina ƴar yarinya da zane ɗaure a wuya, ƙafafuna furu-furu da busasshen taɓon tafki. In ba ka taɓa zama a garin da ruwa ke ciyar da shi ba, ban san yadda zan kwatanta maka ƙamshin ba. Hayaƙi ne da ƙarni da danshin itace a haɗe, kuma a cikinsa na tashi.

Gidanmu babba ne, yana can ɓangaren da ke kallon ruwa. Kakana ya rasu tun ban yi wayo ba, saboda haka a baki baffana, wan babanmu, shi ne maigida. A aikace kuwa kowa ya san gidan na kakata ne, wadda ta haife su. Gajeriyar tsohuwa ce, baƙa, haƙoranta da suka rage jajaye da goro, ga baki kamar reza. Ba ta taɓa kirana ba tare da ta haɗa da tsiya ba. In na yi shara ta ce na yi wa ƙasa kitso, in na ɗebo ruwa ta leƙa tulun ta tambaye ni ko rabin na sayar a hanya. Ni ma ban bar ta ba, don jika da kaka ba a shiga tsakaninsu. Amma ɗan lelenta na gaskiya yayana ne, wanda take kira mijinta, tana ɓoye masa ƙuli-ƙuli a cikin tukunyar da ta ce ta magani ce don kada mu taɓa.

Yayan nan nawa shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu, kuma a nan maganar take. Wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunan yayana a bakin Inna ba. In tana nemansa sai ta ce da ni, "Ina wancan?" In ya gaishe ta da safe sai ta kau da kai ta amsa wa bango, wani lokaci ma ba ta amsawa sam. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma Inna ta fi sauran mata riƙe ta, don a ƙauyensu can wajen garin Sarkin Yamma da wannan ake gane ƴar gidan mutunci. Ni ce mai kai masa abinci, don haka ni na san abin da wasu ba su sani ba. Kullum a ƙarƙashin tuwonsa akwai tsokar kifi mafi girma a tukunya, an binne ta yadda ba mai gani.

A shekarar da abin ya faru, gulbi ya kawo ruwa fiye da yadda aka saba. Tafki ya cika ya haye gonakin gefe, itatuwan giyayya suka nutse har wuya. Damina ta zo ƙarshe, gero ya ƙosa ana shirin yanka. Yayana a lokacin ya fara zama saurayi, murya ta fara buɗewa, ya koyi hawa gora, wato babbar ƙwaryar nan da masunta ke kifa ciki a kanta su shiga ruwa. Da safen ranar ya saɓa komarsa, ya tsaya a bakin madafa ya ce, "Inna, na tahi." Tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba, kamar dai kullum. Komar ta sarƙe a saiwar wata giyayya, ya nutsa don ya kwance ta, bai taso ba. Kafin la'asar masunta suka fito da shi.

Na ga kuka a gidanmu ranar. Kakata ta yi ta kiran sunansa tana cewa wa zai ci mata ƙuli-ƙuli, har muryarta ta dishe. Gwaggonnina suka yi, maƙwabta suka yi, ni ma na yi har na gaji na yi barci a jikin turmi. Mutum ɗaya ce ba ta zubar da hawaye ba, ita ce wadda ta haife shi. Inna ta zauna a ƙuryar ɗaki da mayafi, masu gaisuwa na shigowa tana amsawa da "Haƙuri sai ma'aiki," in ruwan sha ya ƙare ta tashi ta ƙaro. Ranar sadaka da hannunta ta daka gumba. Mata suka yi ta yaba ta, suna nuna ta ga ƴaƴansu. Na ji wata na cewa ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ga mace mai kunya, ga mai haƙuri. Har da ni na ji daɗin yabon, don uwata ake yabo.

Sai da aka gama shigar da hatsi rumbu, baƙi suka ɗauke ƙafa, sannan abin ya fara fitowa. Da farko miya ce ba gishiri. Daga nan tuwo ya fara kamawa tana zaune a gabansa da muciya a hannu. Sai in same ta a bakin turmi ta ɗaga taɓarya ta tsaya, idonta a wuri ɗaya, har sai na taɓa ta. Ta daina kitso, wanka ma sai an tuna mata. Ƙanena da take goyo ya yi ta tsala kuka a bayanta, ba ta ji. In tana raba abinci sai ta zuba a kwanon yayana tare da na kowa, ta rufe, ta tura gefe, ba wanda ke da ƙarfin halin ce mata kome. Ta rame har zobenta ya riƙa zamewa. Magana kuwa ta koma i da a'a, daga baya su ma suka tafi.

Wata safiya muka tashi ba ta cikin gida. Masu zuwa duba ƙugiya ne suka same ta a tsaye cikin tafki, ruwa ya kai mata gwiwa, tana kallon wajen itatuwan. Ba ta yi musu gardama ba, suka riƙo hannunta suka kawo ta, zanenta na ɗiga. Tun daga ranar gari ya ɗauka. Yaran da muke zuwa ɗiban ruwa tare suka fara ja da baya in na zo, wata ma ta faɗa mini a ido cewa uwata ta taɓu.

Kowa ya kawo nasa maganin, kuma ba zan ce akwai mai mugun nufi a cikinsu ba. Liman ya aiko da rubutu, ta sha, ya zo da kansa ya yi mata addu'a. Wata gwaggon Inna ta taso daga ƙauye, irin mutanen da har yanzu suke riƙe da al'adar kakanni, ta ce mutanen ruwa ne suka kama ta bayan sun ɗauki ɗan, sai an yi mata girka irin ta bori. Baffana kuwa direba ne a hanyar Ɗan Issa, ya ga duniya, ya ce ya san wani gida can bayan iyaka inda ake tsare irin waɗannan, a sa musu mari a ƙafa har hankali ya dawo. Ni na san mari. Akwai wani mutum da ke zama a tashar garinmu wanda aka taɓa kaiwa irin wurin, ya dawo da farin tabo zagaye da idon sawunsa, ba ya kallon kowa. Da na ji baffa ya ambaci gidan, sai na ga ƙafar Inna da wannan tabo a zuciyata.

Aka zauna a tsakar gida da hantsi. Babanmu ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma kunyar ta ɗaure shi, ga kuma wansa na magana. Baffa ya ce tsoronsa kada wata rana a tashi a yi jana'iza ta biyu, kuma gaskiyarsa. Kakata ta bari ya gama, ta tofar da tuƙar goro, ta ce, "Ba inda za ta tahi. Ku bar mini ita har ruwa shi janye in tone dankalina. In lokacin ya yi ba ta dawo ba, ka zo da motarka ka ɗauke mu mu biyu."

Baffa ya ce, "Iya, in ta hwaɗa ruwa kafin nan hwa?"

Ta ce, "Ƙafata ƙafarta. Ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne, ku mi kunka sani?"

A ranar ta kwashe tabarmar Inna ta mai da ɗakinta. Abu na farko da ta yi ya ba kowa mamaki. A wajenmu matar ɗa ba ta cin abinci a gaban uwar miji, balle su haɗa hannu a kwano. Kakata ta dama fura a ƙwarya ɗaya, ta sa ludayi biyu, ta zauna ta ce ita ma ba za ta sha ba sai an sha tare. Tsohuwa ce mai son cikinta, amma ta zauna da yunwa har rana ta take, ƙwarya a tsakaninsu, ƙudaje na kewayawa tana kora. Can Inna ta ɗauki ludayin, ina jin don kunyar barin tsohuwa da yunwa. Da kunyar da ta kwantar da ita, da ita kakata ta fara tayar da ita.

Abu na biyu, ta hana kowa a gidan ce wa Inna ta yi haƙuri. In mai gaisuwa ta shigo ta buɗe baki za ta fara, sai kakata ta tare ta, ta ce haƙurin nan an ɗura mata shi har ya ƙware ta, a kawo wani abin. Mata da yawa sun fita gidanmu da fushi a wannan lokaci.

Na uku shi ya sa gari ya ce tsohuwar ma ta ruɗe. Kakata tana da ɗan lambu a bakin tafki, inda ruwa ke janyewa ya bar ƙasa baƙa mai danshi. Kullum da sassafe sai ta tasa Inna a gaba, ni ina biye da goyon ƙanena, mu nufi ruwan nan da ya ci yayana. Mutane suka ce wace irin suruka ce wannan, mai kai mara lafiya bakin abin da ya kwantar da ita. Ba ta kula su ba. Ta miƙa wa Inna fartanya ta ce a tayar da kunya, ta miƙa mata ganyen dankali ta ce a dasa, ta ba ta ƙwarya ta ce a yi ban ruwa. Inna takan yi kaɗan ta tsaya, kakata ba ta tsawata mata, sai dai ta matso kusa ta ci gaba da nata aikin har hannun Inna ya sake motsi. Lokacin sanyi ya shigo, ruwan na ɗaukar hannu, balbelu na bin sawunmu suna tsintar abin da fartanya ta tono. Ban taɓa ganin ta yi nisa da Inna fiye da tsawon taɓarya ba.

Tana aikin kuma bakinta bai huta ba, kuma hirarta ɗaya ce, yayana. Da sunansa take kiransa, gatsau, a gaban uwarsa. Ta ba da labarin ranar da ya saci ƙuli-ƙulinta ya ce ɓera ne, alhali ga mai a leɓensa. Ta ba da na ranar da ya kamo gaiwa ya kawo mata ya ce sadakinta ke nan. Tana yi tana dariya, wani lokaci dariyar ta juye ta share ido da bakin zane. Duk sanda sunan ya fito sai in ga kafaɗar Inna ta motsa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni tsoro nake ji. A gida kowa ya daina ambatonsa, har kwanonsa an ɓoye, ga tsohuwa tana ta tono shi kamar da gayya. Na taɓa ce mata ta bari, ta dube ni ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, balle ni da ko turmi ban iya hawa ba.

Kada ka ɗauka abin ya yi ta sauƙi ne a jere. Akwai ranakun da Inna ta ƙi tashi sam, kakata ta zauna a gefenta wuni guda tana tsinkar zogale. Akwai ranar da ta ci abinci har ta kalli ƙanena, muka yi murna, washegari ta koma kamar ba a yi ba. Ruwa kuwa yana ta janyewa, ganyen dankali ya rufe kunya ya yi shar. Duk ranar kasuwa baffa yakan biyo ta lambun, ya gaida uwarsa, ya kalli ganyen, ya kalli Inna, ya tafi. Ni kaɗai ce a Madarumfa, ina jin, da ke roƙon Allah kada amfanin gona ya yi. Kullum sai na duba gindin dankalin, in na ga ƙasa ba ta tsage ba in ji sanyi a raina.

Ƙasa dai ta tsage. Baffa ya gani da idonsa, ya ce wa kakata alkawari kaya ne, bayan kasuwa mai zuwa zai zo da mota. Ta ce ta ji.

Washegari ba mu tsaya a lambu ba. Kakata ta wuce gaba tana dogara sanda, muka bi ta cikin busasshen taɓo da ya farfashe, har muka kai wata giyayya da ruwa ya janye ya bari a tudu. Saiwoyinta duk a waje, a murɗe, gansakuka ta bushe a jikinsu. Ba wanda ya faɗa mini, amma na gane itacen, Inna ma ta gane, don ƙafarta ta ƙi gaba. Kakata ta riƙo hannunta ta zaunar da ita a inuwar, ita ma ta zauna da ƙyar. Na juya zan ba su wuri, ta ce, "Ke ma zamna. Wata rana mace za ki zama. Amma in na ji maganar ga a bakin rijiya, sai na yanke miki kunne."

Ta daɗe tana kallon ruwan da ke can nesa kafin ta yi magana, kuma ba da muryar tsiyarta ba. Ta ce da Inna, "Kina tsammanin mai motar can shi ne ɗan farina? Ba shi ba ne. Akwai wani kafin shi. Ƙyanda ta ɗauke shi yana tatata. Ni ma sun yaba mini, sun ce ga mai kunya. Na haɗiye sunanshi, yana nan." Ta dafa ƙirjinta. "Haƙorana sun zube, shi bai zube ba. Shekara biyu na yi ban san ɗanɗanon gishiri ba, ba wanda ya tambaye ni mi ya same ni."

Ban taɓa jin wannan magana ba, kuma daga baya na gane ko babanmu bai san ta ba. Sai tsohuwar nan ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta kira wani suna da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaro ya dawo gida cin abinci. Muryarta ta karye a tsakiya, ta sake kira. Sannan ta juyo ta ce, "Na yi nawa. Nan ba suruka, ba ɗiyar mutane, daga mu sai Allah. Kira naki."

Inna ta girgiza kai. Kakata ba ta matsa mata ba, ba ta kuma sake hannunta ba. Muka zauna, iska na kaɗa ganye, can wani masunci na buga gorarsa. Ƙanena ya yi barci a bayana. Na ga leɓen Inna na motsi ba sauti, sau da yawa. Da sunan ya fito, a hankali ya fito, kamar tana tsoron ya fashe. Shi ne karo na farko a rayuwata da na ji shi da muryarta. Ta sake faɗa, ta sake, sai kuma ta ƙwala shi har balbelun da ke gefe suka tashi. Kukan da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, ban kuma fatan in sake ji. Ta kifa kai a cinyar uwar mijinta, abin da ko a mafarki ba za ta yi ba, tana cewa, "Ya ce mini ya tahi, ban amsa mishi ba. Ko a dawo lahiya ban ce mishi ba."

Ashe abin da ke cinta ke nan duk watannin nan. Kakata tana shafa mata kai ta ce, "Ya sani. Wa ke binne mishi tsoka a ƙarƙashin tuwo? Da bakinshi ya hwaɗa mini, yana dariya, ya ce Inna na tsammanin bai gane ba."

Ban san ko yayana ya faɗi hakan ba, ko kuwa tsohuwar ce ta lura da idonta ta sa masa a baki. Ban taɓa tambayarta ba. Abin da na sani shi ne Inna ta yi kuka har ƙarfinta ya ƙare, ta yi barci a nan gindin itacen, irin barcin da ta daɗe ba ta yi ba, kakata na kore mata ƙuda. Da ta farka rana ta karkata. Ta dube ni sosai, kamar wadda ta dawo daga tafiya, ta ce wa ya bar kaina haka ba kitso. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi ƙanena.

Ranar da baffa ya zo da mota, Inna ce ta kawo masa ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi hanya. A rame take, muryarta ba ƙarfi, amma ita ce. Ya riƙe kofin ya kasa sha, yana kallon uwarsa. Kakata ta nuna masa buhun dankali a jingine da bango ta ce ga fasinjansa nan, ya ɗauka ya kai wa iyalinsa. Mutumin kirki ne baffa. Na ga ya juya baya yana goge ido da hularsa, ya ce ƙura ce ta shiga.

Ba zan yi maka ƙarya in ce daga ranar ta warke ba. Duk shekara in gulbi ya kawo ruwa, shirun yakan dawo mata. Bambancin shi ne yanzu an san hanyarsa. Kakata takan ce ta ɗauko mayafi ta raka ta duba lambu, ko da ba lambun a lokacin, su tafi su daɗe, su dawo da jajayen idanu suna gardamar farashin albasa. Babanmu ma na lura ya fara zuwa duba komarsa shi kaɗai ta wajen itacen, a lokacin da ba kifi a wurin. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya kamo.

Kakata ta daɗe da rasuwa. Yau a asibitin birni akwai likitocin da aikinsu ke nan, suna kiransa ciwon damuwa, suna ba da magani, suna zaunar da mutum su saurare shi. Ni kaina na taɓa zama a gaban ɗaya, shekarar da na yi ɓari na kasa komawa aji, kuma maganin da ya ba ni ya yi mini amfani, ban ɓoye wa kowa ba. Na san akwai ciwon da gindin itace ba ya warkarwa, na kuma san har gobe akwai waɗanda ake ɗaurewa don danginsu sun rasa yadda za su yi. Amma da likitan ya ajiye alƙalaminsa ya ce in faɗa masa abin da ban faɗa wa kowa ba, sai da na yi murmushi. Tsohuwar da ba ta san ko bihim ba ta riga shi, da fartanya da ƙwaryar fura. Kunyar ɗan fari kuwa tana ta ja da baya, matan yanzu suna kiran nasu da suna har da sumbata a gaban kowa. Ban raina al'adar ba, tana da kyanta, ta koya mana kamun kai. Laifinta ɗaya, ta tanadi yadda uwa za ta ɓoye so, ba ta tanadi inda za ta kai shi ba in ɗan ya mutu.

Da na haifi ɗana na biyu, maigidana ya yarda aka sa masa sunan yayana. Ranar suna gwaggonnina suka taru suna neman laƙabin da za a riƙa kiransa da shi, don a sauƙaƙa wa Inna, tunda a ganinsu sunan ba zai faɗu a bakinta ba. Tana jinsu daga inda take zaune da jaririn a cinya. Ta ce, "Ku bar mini shi da sunanshi." Haka aka bar shi.

Yanzu ta tsufa, tana zaune tare da mu, idonta ya rage gani. Yaron ya kai shekarun da yayana ya tsaya. Wuni take tana kiransa, daga ɗaki, daga tsakar gida, da cikakken sunan, har maƙwabta sun saba. Yakan bar abin da yake yi ya zo da gudu ya ce ga shi, me za a yi, ta ce ba kome, je ka. Yana ƙorafi a wajena cewa kaka na wahalar da shi, ni kuwa in ce ya yi ta amsawa. Da safe in ya rataya jakar lakwal ya leƙa ɗakinta ya ce ya tafi, ko tana tsakiyar lazimi ne sai ta dakata da carbin. Ta kira sunansa, ta ce ya dawo lafiya, ba ta kuma ci gaba da jan carbin sai ta ji ya amsa.